Alƙalin Alƙalai ko Babban Joji?

1/ Jiya da daddare gardama ta kaure a teburin mai shayinmu na Agege. Rediyo ya ce "Alƙalin Alƙalan Najeriya", alhali tun 2024 mace ce a kujerar, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, 'yar nan Legas. Wani dattijo ɗan canji ya dire kofinsa ya ce, "Alƙali kuma? Ba alƙaliya ba?" Mai shayi ya ce shi dai Cif Jastis ya sani.

2/ Alƙalin alƙalai tsohon suna ne, fassarar ƙadil ƙudati na Larabci. Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, shi aka fara kira da shi a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. Sai dai a Arewa sunan yana da mai shi: shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. In ka faɗe shi a Sakkwato, can hankali zai fara tafiya.

3/ Kujerar shugaban Kotun Ƙolin Najeriya kuwa a nan Ikko Turawa suka girka ta. Edwin Speed ya hau a 1914, aka yi ta jera Turawa har 1958, da Adetokunbo Ademola, ɗan Alake na Abeokuta, ya karɓa ya riƙe zuwa 1972. Ko shi ɗin, kafin 1963 ana iya tsallake hukuncinsa a kai ƙara Landan. Iyayenmu da suka ga zamanin ba su ruɗe ba: mai rawani alƙali, mai hular gashin doki joji.

4/ Ɗan Arewa bai zauna a kanta ba sai 1987, Muhammadu Bello na Katsina. Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi a 1995, ya yi har 2006. Mace ta farko Aloma Mariam Mukhtar ce, a 2012.

5/ Ni dai ga inda na tsaya: Babban Jojin Ƙasa, in mace ce Babbar Jojin Ƙasa. Na jiha Babban Jojin Jiha. A bar wa na Shari'a sunansa.

6/ Dattijo ya ce, "Ɗana, ai joji aron Turanci ne." Na ce, "Baba, alƙalin ma aro ne, ya dai riga shi tsufa a gidan. Kotu da lauya fa?" Ya kurɓi shayi, ya ce a bari sai ya tambayi limamin unguwa bayan Asuba.