Jaririnmu na kan injin numfashi, an ce nimoniya ta kama shi: wa ya taɓa gani?

Yayar mai jego, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta haifi bakwaini, cikin sati 30, yaron kilo 1.3. Daga asibitin garinmu aka turo mu birni, aka sa shi a kwalba, da numfashin ya gagara aka zura masa roba ta baki aka haɗa da inji. Kwana biyar muna ta ganin sauƙi. Jiya likita ya ce nimoniya ta kama shi. Uwar mijin ta dage sanyin esin ɗakin ne, har ta aika a kawo bargo daga gida. Ni abin da ya ɗaure min kai, yaron da ko iskar waje bai shaƙa ba, ina ya samo ciwon? Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana.

Maman 'yan biyu, Sumaila:
Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna ya yi kwana tara a kan injin nan, a na shida aka ce mana haka. Ni ma da farko sanyi na zarga, don a gida ko fanka ba ma kunna wa jariri. Sai likitar ta ce in sa hannu cikin kwalbar in ji. Wallahi ɗumi kamar ɗakin mai jego. Ta ce ƙwayoyin cuta ne suke bin robar su gangara huhu. Tun ranar na zama mai gadin famfo, duk wanda zai taɓa min yaro ina kallon ko ya wanke hannu. Wata rana na yi ta maza na tuna wa wani ma'aikaci, ya harare ni, amma ya koma ya wanke.

Sista mai aikin ɗakin jarirai, 'yar Haɗeja:
Sannu da jinya, Yaya. Shekarata ta bakwai ke nan a irin wannan ɗaki, bari in faɗa miki yadda muke ganinsa. Idan jariri ya wuce awa 48 a kan inji sannan ciwon ya ɓullo, muna ɗaukarsa a matsayin nimoniyar da inji ya jawo. Mai lafiya yana da masu gadi: hanci yana tace iska, tari yana fitar da majina, akwai kuma wasu 'yan siraran gasu a maƙogwaro da ke share datti zuwa sama. Robar nan duk ta tsallake su. Ga shi ta manya tana da 'yar balan-balan da ke toshe gefenta, ta jarirai galibi babu, don haka yawu da abin da ya taso daga ciki suna iya silalewa ta gefe su sauka huhu kaɗan-kaɗan.

Kin san yauƙin da ke kama cikin randa idan ta kwana biyu ba a wanke ba? Irinsa ne ke kama cikin robar, ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, maganin da muke sawa ta jijiya kuma ba ya isa wurin sosai. Shi ya sa kowace rana a kan inji ƙarin haɗari ce. Sai ruwan da ke taruwa a tiyon injin, don iskar ana ɗumama ta da laima. Idan aka juya yaro ba a tsiyaye ruwan ba, yana iya komawa wajensa. Sai hannuwanmu da robar zuƙe majina, gaskiya ɗaya ce. Dare ɗaya na taɓa riƙe jarirai goma sha ɗaya ni da abokiyar aiki guda, famfo kuma ba ruwa, da buta muka yi ta fama.

Bakwaini ya fi kowa rauni saboda yawancin garkuwar da uwa ke ba ɗa tana ratsa mabiyiya ne a watanni uku na ƙarshe. Naku ya fito kafin ya gama karɓar rabonsa. Kuma kada ki jira zazzaɓi, su sau da yawa jikin ma sanyi yake yi. Mu abin da muke lura da shi: yana buƙatar ƙarin oksijin, majina ta yi yawa ko ta sauya kala, ko bugun zuciya yana sauka.

Wani uba, daga ƙauyen Gumel:
Tawa 'yar ba bakwaini ba ce, naƙuda ce ta yi tsawo ta fito ba ta yi kuka ba. Sau biyu robar tana fita ana mayarwa, ɗaya da ta motsa, ɗaya kuma da wuta ta ɗauke aka koma matsa jakar iska da hannu kafin janareta ya tashi. Daga baya likitan ya gaya min kowace mayarwa tana iya tura ƙwayoyin baki zuwa ƙasa. An ɗebi majina da jini, sakamako bai fito ba sai bayan kwana uku, aka ce wata ƙwayar cuta ce mai suna Klebsiella, kuma allurai biyun farko, ampisilin da jentamaisin, ba sa yi mata komai. Na sayar da buhu huɗu na riɗi na sayo wanda aka rubuta. Ta rasu tana da kwana 16. Ban riƙi kowa ba, kwananta ne ya ƙare. Amma Yaya, ki tambaya yau ɗin nan ko an ɗauki gwajin, kada a bari sai maganin farko ya gaza. Kwana ukun nan har yanzu suna min yawo a rai.

Sista:
Allah ya jiƙanta, Malam, ya sa mai ceto ce. Klebsiella da Pseudomonas da Acinetobacter su ne muka fi cin karo da su, sai Staphylococcus. Sun saba da zaman asibiti, shi ya sa suke jure magani.

Ungozomar asibitin ƙauye, Birnin Kudu:
Ni zan ƙara abin da nake gani kafin a kai ga birni. Ba kowace nimoniya ce ta inji ba, wani da ita yake zuwa. Mace faya ta fashe tun asuba, ana ta jiƙe-jiƙe a gida, ba a kawo ta ba sai washegari. In an wuce awa 18 ƙwayoyin cuta suna iya hawa su iske jariri tun yana ciki, balle in uwar na zazzaɓi. Wani kuma ya shaƙi baƙin kashinsa na farko. Irin wannan a kwana ɗaya ko biyu yake nunawa. Naku da sai a kwana na biyar, ya fi kama da abin da Sista ta faɗa.

Kakar wani bakwaini, Dambatta:
Ku daina ganin laifin uwar mijin, mu abin da muka tashi muka tarar ke nan. Ni da dabino na shiga a ƙullin zani zan tauna in shafa wa jikana a baki, da ɗan rubutu a kwalba. Sistar ta riƙe min hannu ta ce, Inna, bakin nan ko ɗigo ya wuce huhu zai tafi. Na yi fushi kwana biyu. Abin da ya ba ni mamaki, dakashin da muke tatsewa mu zubar, shi suka sa uwar ta tatso, suna ɗan shafa masa a cikin kumatu. Yanzu yaron yana gudu har ba a kamo shi.

Maman 'yan biyu:
Inna, nawa ma haka aka yi masa. Suka kuma ɗan ɗaga kan shimfiɗarsa, suna kwantar da shi ta gefe.

Yayar mai jego:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na tambaya, an ɗauki gwajin tun jiya kafin su sauya allura. Mun yanke farce, ƙanwata ta cire zobba da awarwaro, kuma ta fara tatsar nono duk bayan awa uku. Likita ya ce in oksijin ɗin da yake buƙata ya ci gaba da raguwa, jibi za su gwada cire robar su mayar da shi kan ta hanci, wadda ruwa ke ɓulɓula a kwalba. Bargon kuma ya iso. Uwar mijin ce ke lulluɓa da shi a baranda, don ta ce ba inda za ta sai da jikanta.