Me za mu kira "bootable" da Hausa?

Jama'a, ina cikin rubuta wa ƙanina yadda zai sa sabuwar babbar manhaja a kwamfutarsa, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "bootable", wadda ake siffanta filashin da kwamfuta za ta iya fara aiki daga cikinsa da ita. Na fara rubuta "filashi mai kunnawa", na goge. Kunnawa aikin maɓalli ne. Ka danna, fitila ta kawo, fanka ta fara juyawa, an kunna ke nan, ko da allon zai kwana baƙi ƙirin.

Sai na tuna abin da bakinmu ya riga ya saba da shi. Wanda kwamfutarsa ta kawo wuta amma ta kasa kai shi ciki, cewa yake yi "ta ƙi tashi", kamar dai mota. Ashe kalmar tana hannunmu: "boot" tashi ne. Masu Ingilishin ma aro suka yi daga wata tsohuwar maganarsu ta mutum ya ɗaga kansa da madaurin takalminsa. Tamu ta fi ta sauƙin kamawa. Shawarata ke nan: filashin tayarwa.

Wani ya ce mini "filashin girkawa" ya fi. Ban yarda ba. Akwai wanda zai tayar da Ubuntu, wata babbar manhaja ta dangin Linux, daga filashi, ya kwashe fayilolinsa daga kwamfutar da ta lalace, ya zare, bai girka komai ba.

Kuma sunan yana koyar da abu. Da kwamfuta ta samu wuta, ƙaramar manhajar da ke kan babban allon cikinta (motherboard), BIOS ko UEFI, ita ke fara neman abin da za ta miƙa wa ragama. Tsohuwar BIOS bayit 512 na farkon faifai take karantawa. UEFI kuwa wani fayil take nema a cikin babban fayil mai suna EFI. In ba ta gan shi a inda ta saba ba, wucewa take yi. Ni ma a farkona na jawo fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da babbar manhajar ke zuwa a cikinsa, na jefa a filashi kamar waƙa, na yi ta danna F12, maɓallin zaɓar inda kwamfutar za ta tashi, ina zargin filashin. Lafiyarsa ƙalau, abin tayarwar ne ke ƙulle a cikin fayil, ba a shimfiɗa shi ba. Shimfiɗawar ita ce aikin manhajoji irin su Rufus da balenaEtcher, ko umarnin dd a Linux. Ventoy ne kawai daga cikin waɗanda na saba da su ke ba ka damar jefa ISO kai tsaye, shi ma sai ka fara girka shi a filashin.

Ga kuma "image", sunan da ake kiran irin wannan fayil na ISO. Don Allah mu daina cewa hoto. Ƙanina ya tambaye ni ko a wurin ajiyar hotuna zai same shi, kuma ba laifinsa ba ne. Fayil ne da ya kwafe faifai gaba ɗaya har da tsarin jerinsa, kamar an tsaga kara, sunan ISO kuma daga ƙa'idar ISO 9660 ta faifan CD ya samo shi, wadda ta fito a 1988. "Kwafin faifai" ya wadatar.

Inda na fi daɗewa shi ne "checksum". Doguwar lamba ce da ake lissafowa daga fayil, a kwatanta ta da wadda masu fayil ɗin suka sa a shafinsu. Ta SHA-256 haruffa da alƙaluma 64 ce, kuma ko bayit ɗaya ya sauya, sai ta birkice duka. Na so in ce hatimi, sai na fasa, na zaɓi "zanen yatsa". Dalili: a ranar 20 ga Fabrairun 2016 an kutsa shafin babbar manhajar Linux Mint, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafin 17.3 Cinnamon da aka dasa wa muguwar manhaja. Wanda ya iya sauya mahaɗin saukewa, sauya lambar da ke gefensa ba zai gagare shi ba. Zanen yatsa yana gaya maka fayil ɗinka daidai yake da wanda aka lissafa, amma ba ya gaya maka wa ya lissafa. Wannan aikin sa hannun GPG ne, wato sa hannun dijital da masu fayil ke yi da mabuɗinsu na sirri, shi ya cancanci sunan hatimi. Mu bar kowanne da nasa.

Ga abin da na tura wa yaron: "Sauke kwafin faifan daga shafin masu shi, duba zanen yatsansa da umarnin Get-FileHash na PowerShell, sannan ka haɗa filashin tayarwa da Rufus. Nemi mai gigabayit 8 ko fiye, ka kwashe kayanka tukuna, don komai zai goge." Bai sake tambaya ba.

Saura aikatau. Zamanin CD "ƙonawa" muke cewa, kuma da gaskiyarmu, hasken leza ne ke yin rubutun. Filashi ba abin da ke ƙonewa. Na sa "haɗa" ne don in wuce, amma "shimfiɗa" na ta yi mini yawo a kai. Malamai, wanne ya fi zama a kunnenku?