Ta yaya zan gane ko ana kula da mahaifiyata yadda ya kamata a inda muka kwantar da ita?

Ɗan Adar, daga Tawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jinya, da kuma waɗanda Allah ya taɓa jarrabawa da jinyar wani nasu har zuwa ƙarshe. Mahaifiyarmu ta fi shekara 2 tana fama da kansar mama. An yi mata aiki, an yi ta ƙara mata ruwan maganin kansa, daga baya aka yi mata gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a Yamai, amma a watan jiya likitan da ke bin ta ya zaunar da mu ya ce ciwon ya kai ga ƙashin baya da hanta, abin da ya rage shi ne a sassauta mata raɗaɗi, a kula da ita har zuwa lokacin da Allah ya ƙaddara. Mun karɓi maganar da haƙuri, domin tun kafin ya faɗa jikinta ya riga ya nuna mana.

Ƙanwata ce a Yamai, tana zaune a gidan haya mai ɗaki biyu da yara ƙanana, shi ya sa muka kwantar da Inna a wani asibiti mai zaman kansa da ya ce yana karɓar marasa lafiyar da suka kai wannan mataki. Ni kuwa aiki ya riƙe ni a Tawa, tsakaninmu tafiyar fiye da kilomita 500 ce, sai bayan mako biyu nake samun zuwa. Duk lokacin da na je da rana ina tarar da ɗaki a share, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ma'aikata suna tarbata da fara'a, kuma hankalina yakan kwanta. A zuwana na ƙarshe ne na kwana a wurin. Wajen ƙarfe 2 na dare na farka na ji Inna tana nishi a hankali, ta damƙe ƙarfen gado da hannu biyu, bakinta yana ta ambaton Allah. Na je na taso ma'aikaciyar da ke gardi, ta ce maganin da aka rubuta sai an nema ake bayarwa, ta yi mata allura, amma sai gab da kiran sallar asuba barci ya ɗauke ta. Da likita ya shigo da safe ya tambaye ta jiki, cewa ta yi da sauƙi, alhamdu lillahi.

Tun daga ranar ban ƙara yin barcin kirki ba. Ba na son in zargi mutanen da wataƙila suna iya ƙoƙarinsu, kuma ba na son in yi shiru mahaifiyata tana shan wuyar da za a iya ɗauke mata. Da me ake auna irin wannan wuri, kuma me ya kamata in tambaya?

Tsohuwar Majo, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka maka da alheri da ka kwana a wurin, domin da dare ake sanin gaskiyar asibiti, ba da hantsi ba lokacin da ake jiran baƙi. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma kalmar da ta tsaya mini a rai cikin bayaninka ita ce "sai an nema". Ciwon kansar da ta shiga ƙashi ba ciwon kai ba ne da ke zuwa ya wuce, yana nan dare da rana, saboda haka maganinsa ma da agogo ake bayar da shi. Tun a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin da ake bi: a fara da magani mai sauƙi irin farasetamol, idan bai isa ba a hau zuwa irin kodin ko taramadol, idan ciwon ya tsananta a ba da mofin, kuma a bayar ta baki muddin mutum yana iya haɗiya, a kan lokaci, kafin ciwon ya dawo. Mofin na ruwa ko ƙwayarsa mai saurin aiki bayan kowace awa 4 ake sha, akwai kuma ƙwayar da ke yin awa 12, sannan likita yana rubuta wani ƙari na musamman domin lokacin da raɗaɗi ya taso a tsakani. Wurin da yake barin tsohuwa ta kai ga damƙe ƙarfen gado kafin a taso da allura bai cika aikinsa ba, ko da ɗakinsa ya fi na otal kyau.

Idan ka koma, ka roƙi a nuna maka takardar da ake rubuta maganin da aka ba ta, ka duba ko akwai lokutan dare a ciki, kuma ka tambayi likita cikin ladabi wane mataki take a kai, me kuma za a yi idan wannan bai riƙe ta ba. Za ka iya jin an ce mofin yana sa jaraba ko yana gaggauta mutuwa. Na san abin da taramol, wato taramadol, ya yi wa matasanmu ya sa mutane suna tsoron duk wani magani mai ƙarfi, har da wasu ma'aikata, amma mofin da aka auna daidai da ciwon mutum, ana ƙara shi sannu a hankali, ba ya rage kwana. Yakan kawo gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko sannan su lafa. Abin da ba ya lafawa shi ne taurin bayan gida, don haka wanda ya san aikinsa tare da maganin sassauta ciki yake rubuta shi. Idan an ba Inna mofin ba a taɓa tambayar yaushe rabonta da bayan gida ba, wannan ma alama ce.

Game da amsar da ta ba likita kuwa, duk iyayenmu haka suke, dauriya da kunya ba za su bar su su yi ƙorafi a gaban baƙon namiji ba. Ma'aikacin kirki ya san haka, ba ya tsayawa a kan "da sauƙi". Zai ɗaga mata hannu ya ce, idan dunƙulallen hannu babu ciwo ke nan, yatsu biyar kuma ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba, yau yatsa nawa take ji. Zai kuma dubi goshinta da yadda take numfashi lokacin da ake juya ta.

Abu na biyu ba kai za ka duba ba, ƙanwarka ce. Ta yaye zane ta dubi ƙasan bayan Inna wajen ƙugu, da dugadugai, da kwatangwalo. Wanda ba ya iya juya kansa ana juya shi kusan bayan kowace awa 2, har cikin dare, ana sa masa matashi tsakanin gwiwoyi. A fatarmu baƙa gyambon kwanciya ba ya fara da ja kamar yadda littattafan Turawa suke nunawa, wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri, kafin ya fashe. Ta kuma shafa shimfiɗa ta ji ko a bushe take, ta dubi cikin baki ko ya yi fari-fari ko leɓe ya tsattsage. Waɗannan ƙananan abubuwa ba sa cin kuɗi, hannu da kulawa kawai suke ci, shi ya sa nake auna wuri da su.

Maman Tagwaye, daga Bukoki:

Allah ya saka wa Hajiya Majo da alheri, da na samu mai gaya mini wannan a lokacin jinyar maigidana da abubuwa da yawa sun zo mana da sauƙi. Ni abin da zan ƙara ya shafi magana da kuɗi. A inda muka fara kwanciya, kullum da safe sai an miƙo mini sabuwar ordonansi, wato takardar sayen magani, in je farmasi in sayo ruwa da allurai, a ɗaura masa, alhali ƙafafunsa suna ta kumbura, ƙirjinsa yana ƙara cika. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini me ake nema da wannan ruwa, ni kuma ina ganin idan na tambaya kamar kuɗin nake jin ciwo. Sai da muka koma wani wuri ne wata likita ta kira ni da yayansa, ta rufe ƙofa, ta bayyana mana cewa idan jiki ya kai wannan hali ƙin cin abinci daga ciwon yake, ba yunwa ce ke cinsa ba, kuma ruwan da ake ta ɗurawa yana iya taruwa a jiki ya ƙara masa wahala. Ta koya mini in riƙa jiƙa tsumma mai tsabta ina goge masa baki, in ba shi kunu cokali ɗaya ko biyu idan ya so, kada in matsa masa. Ranar na yi kuka sosai, amma ranar ce kuma na fara samun natsuwa, domin an ɗauke ni a matsayin wadda ta cancanci a gaya mata gaskiya.

Saboda haka, Malam, ka lura ko akwai mutum guda da ke da alhakin Inna, wanda za ka iya kira daga Tawa ya ba ka amsa, kuma duk gwajin da aka ce a yi ka tambaya me zai canza a kulawarta. Ka dubi mutuncinta ma: mace ce ke yi mata wanka da gyara, ana jan labule, ana taimaka mata ta yi taimama ta fuskanci alƙibla? Ka kuma tambayi yadda suke yi idan wuta ta ɗauke a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, domin na'urar sanyi ba ta da amfani idan babu injin da zai tayar da ita.

Baban Almajirai, daga Wadata:

Ina girmama abin da aka faɗa, amma ni a ganina tambayar da ta fi ita ce ko asibiti ne wurin da ya dace da ita yanzu. Tunda likitoci sun ce magani ya ƙare, me zai hana a mayar da baiwar Allah nan ɗakinta a Tawa, cikin jikokinta da maƙwabtan da suka yi zaman shekaru tare, inda za a riƙa shigowa ana gaishe ta ana yi mata addu'a, kuma idan lokaci ya yi a samu na kusa da zai laƙƙana mata kalmar shahada? Iyayenmu a gida suka cika, a hannun ƴaƴansu. Kun tambaye ta kuwa inda take so ta kasance?

Tsohuwar Majo:

Malam, tambayarku ta ƙarshe ta fi duk abin da na rubuta nauyi, kuma ina tare da ku a kanta. Gyara ɗaya kawai zan yi: maganin warkarwa ne ya ƙare, na sassauci bai ƙare ba. Matar da ta kafa gidan jinya na zamani na farko irin wannan a Landan a 1967, Cicely Saunders, kan wannan ta gina aikinta, kuma a nahiyarmu an nuna cewa ba sai da gini ba. A Yuganda, tun 1993 likita Anne Merriman ta fara aikin da ma'aikata ke bin marasa lafiya har gida da mofin na ruwa a kwalba, kuma daga 2004 dokar ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi. To amma komawa gida ba tare da shiri ba wata azaba ce. Mai kansa a ƙashin baya ba za a ɗora ta a motar haya a bi da ita ta Doso da Dogon Dutse da Ƙonni ba sai an daidaita ciwon tukuna, an samu motar da za ta kwanta a miƙe, an san likitan da zai ci gaba da rubuta maganin a Tawa da inda za a same shi idan ya ƙare. Yadda asibitin zai karɓi wannan magana ma awo ne: na kirki zai rubuta takardar miƙa ta, ya koya wa ƙanwarka juyi da gyara, ba zai riƙe ta don kuɗin ɗaki ba.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai, Hajiya, Maman Tagwaye da Malam, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa ƙanwata amsoshinku ta waya. Ta duba bayan Inna, babu gyambo, sai dai dugadugin hagu ya fara duhu, kuma da ta nuna wa ma'aikaciyar jinya nan take ta kawo matashi ta ɗaga ƙafar. Takardar magani kuwa babu komai a cikinta daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Na samu likitan a waya jiya, ya saurare ni bai ɓata rai ba, ya ce zai mayar da maganin kan agogo ya kuma duba batun mofin, mun yi alkawarin zama ranar Asabar idan na iso.

Maganar Malam ce ta fi taɓa ni, domin gaskiya ba mu taɓa tambayarta ba, mu ne muka yanke muka kai ta. Ƙanwata ta tambaye ta bayan sallar isha'i. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaya ko har yanzu ana ba tumakinta dusa, kuma ko an gyara rufin ɗakinta kafin damina. Na kira maginin yau da safe.