Gidan gado da ke hannun 'yan haya: a sayar ko a riƙe?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje da rabon gado. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar gidan haya a Kurna, nan Kano, ƙafa 50 da 100. Ciki da falo shida ne da shago biyu a bakin titi, kowanne naira 200,000 a shekara, jimilla miliyan 1.6. Yau shekara uku da rasuwar ba a raba ba. Magada mu tara ne: matansa biyu, 'ya'ya maza uku, mata huɗu, autar shekararta 13. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Dillalai sun ce gidan zai yi miliyan 40, kafinta kuma ya ce rufin sai an sauya shi gaba ɗaya a kan miliyan 4. Amaryar Baba da ƙanena ɗaya da ƙannena mata biyu, har da autar, suna son a sayar. Mu sauran muna ganin a bar shi. Takardar da ke hannunmu ta saye ce mai sa hannun mai unguwa, babu C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati. Ta ina ya kamata mu faro?

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifi. Kafin maganar sayarwa, ku fara sanin kowa nawa ne nasa, domin yawancin rigimar gidan gado daga rashin wannan take tasowa.

Idan an biya bashin mamaci, an kuma fitar da wasiyyarsa in ya bari (ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji), gadonku zai tashi ne daga kaso 80. Tumunin takaba, wato ɗaya bisa takwas na matan mamaci, kaso 10 ne, matan biyu su raba, biyar biyar. Saura 70: kowane namiji 14, kowace mace 7. A farashin miliyan 40 kaso ɗaya naira 500,000 ke nan. Namiji miliyan 7, mace miliyan 3.5, kowace matar uba miliyan 2.5. Masu son a sayar suna da kaso 33, wato miliyan 16.5, ku kuna da 47.

Kada rinjayen nan ya ruɗe ku, ba ƙuri'a ake kaɗawa ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba raba shi ake yi, wanda kuma ba zai rabu ba sai da cutarwa, in ɗaya ya nemi a sayar ana tilasta wa wanda ya ƙi. Fili ƙafa 50 da 100 mai ƙofa ɗaya da banɗakin tarayya ba ya rabuwa tsakanin mutum tara. Saboda haka ko amarya kaɗai ce ta kai ƙara, alƙali na iya ba da umarnin sayarwa. Abin da ya rage muku shi ne ku kuka fi kowa cancantar ɗaukar gidan a farashin da ya tsaya a kai. In kuwa wani ya sayar da kasonsa ga bare, kuna da haƙƙin shuf'a: ku biya abin da baren ya biya ku karɓe. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Kuma in amarya ce ta sayar, uwargida ce gaba da ku wajen karɓa, don su biyu suka yi tarayya a tumuni.

Abu biyu da ake yawan tsallakewa. Kuɗin hayar shekara ukun nan na magada ne duka a kan kason nan 80, ba na wanda yake karɓa ba ne, ko da shi ne babba kuma shi yake cefane. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a nuna wa kowa. Sai autar. Uwa ba ta da ikon sayar da kadarar marainiya don kawai ita ta haife ta. Ikon yana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai alƙali, shi ma sai ya ga maslahar yarinyar. Duk cinikin da aka ƙulla ba da wannan izini ba, tana iya tayar da shi idan ta girma.

Kada kuma ku ƙara jan lokaci. Magaji ɗaya ya rasu kafin a raba, kasonsa ya koma kan nasa magadan, mutum tara sun zama goma sha biyar, har da surukai.

Mai Kimanta Kadara ya amsa:

Malam ya gama da ɓangaren shari'a, bari in ɗora lissafi a kai. Miliyan 1.6 ɗin nan ba shi ne ke shiga aljihu ba. Cire kashi 10 cikin 100 na mai karɓar haya, 160,000, ko da ɗan gida ne yake yi, don wahalarsa ba kyauta ba ce. Cire kuɗin ɗaki ɗaya, 200,000, domin a gida mai 'yan haya takwas da wuya shekara ta ƙare babu wanda ya tashi ko ya maƙale. Ware 280,000 na yashe sokawe, gyaran famfo, toshe yoyo, ƙofa da makulli da harajin ƙasa. Saura 960,000. Kaso ɗaya 12,000. Ƙanwarka tana samun 84,000 a shekara, naira 7,000 a wata, a kan dukiyar miliyan 3.5. Amarya 5,000 a wata. In ka kalli wannan za ka daina ganin laifin masu son a sayar. Rufin miliyan 4 kuwa zai cinye hayar sama da shekara huɗu, ba wanda zai ga ko sisi.

To amma ribar gidan haya a Kano ba a haya take ba, a ƙasa take. Hayar nan kashi 2.4 cikin 100 ce kawai ta ƙimar gidan, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Abin da ke kare mai gida shi ne filin yana bin tsadar rayuwa. Dubi sukuk ɗin farko, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017: ya riƙa biyan kashi 16.47 a shekara, ya ninka hayarku sau da yawa. Amma wanda ya zuba kuɗi lokacin dala tana wajen naira 360, an mayar masa da uwar kuɗinsa a 2024 dala ta haura 1,500. Don haka wanda zai sayar ya ajiye kuɗin a banki, ko ya sayi mota, ko ya yi biki, asara ya yi. Wanda zai sayi fili a bayan gari, ko ya gina inda zai zauna ya huta da biyan haya, ko ya ƙara jari a sana'ar da ya riga ya iya, wannan fitarsa ta fi zamansa.

Ni a ganina kada gidan ya je kasuwa, kada kuma a tsare kowa a cikinsa. Ku masu kaso 47 ku sayi 33 ɗin. Sharaɗin shi ne farashi na gaskiya. Maganar dillali ba kimantawa ba ce: yana ɗaga farashi don a ba shi gidan, in an ba shi ya dawo yana cewa kasuwa ta mutu. Ku ɗauko mai kimantawa mai rajista wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya rubuta ƙimar fili daban ta gini daban, ya kawo misalin gidaje uku da aka sayar a unguwar, ba waɗanda ake tallatawa ba. Sannan ku tuna in bare ya saya akwai la'ada, yawanci kashi 5 cikin 100, miliyan 2 ke nan, kaso ya dawo 475,000. Idan kuka biya 'yan'uwa a kan 500,000 cif, sun fi samu a hannunku.

In miliyan 16.5 ta yi muku nauyi lokaci ɗaya, a biya kashi biyu ko uku cikin shekara guda, a rubuce, da ranaku. Kada ya wuce haka, domin kuɗin da aka biya bayan shekara uku ba shi ne aka yi ciniki a kai ba.

Injiniyan Gini ya amsa:

Kada ku taɓa rufin nan sai kun yanke shawara. Mai sayen tsohon gida a bakin titi fili yake saye, sau da yawa rushewa zai yi, ba zai ƙara muku ko naira ɗaya don sabon kwano ba.

In riƙewa za ku yi, a sake duba maganar miliyan 4. Gani ya kori ji: a buɗe silin a ɗaki biyu ko uku, a hau da cocila, a caki katakon da sukundireba. In ya shige kamar a burodi, gara ta gama da shi, sai sauyi. In katako lafiya yake, tsatsa a bakin ƙusa ce kawai da haɗin kwano, to kwano za a sauya, shi ma ana iya yin layi ɗaya bana, ɗaya baɗi. Kafinta ya rubuta bandir nawa, katako nawa, ƙusa da kuɗin aiki daban daban, ku sayo kayan da kanku. Sabon katako a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. A yi aikin a Maris ko Afrilu, ba bayan ruwa ya sauka ba.

Abin da ya fi rufi muhimmanci yana ƙasa. Tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga, har yatsa na shiga, alamar fandisho ya zauna ne, kuma galibi sokawe ne ke tsiyaya kusa da bango. Danshin da ya hau bango zuwa gwiwa, filasta tana zuba kamar gari, fenti ba ya maganinsa. Ku kuma duba ko titi da kwata sun fi tsakar gidan tudu, don irin wannan gidan duk Agusta sai ya sha ruwa. In biyu daga cikin ukun nan sun haɗu, ginin ya kusa gama aikinsa, kuɗin da za ku biya 'yan'uwa kuɗin fili ne, a yi farashin a kan haka.

Barista ta amsa:

Ina tare da Mai Kimanta, sai dai ban yarda a yi cinikin cikin gida da baki ba don ana jin kunyar juna. Ku je kotun shari'ar Musulunci, ko da kun sasanta, a tabbatar da magada da kason kowa, a ba ku kwafin hukunci. A nan ne za a warware batun autar. Wannan takarda ita ce gadar da ke tsakanin sunan mahaifinku da sunayenku, duk mai saye da ya san abin da yake yi sai ya nema.

Rashin C of O yana rage farashi, yana kuma rage masu saye, domin banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma miƙa mallakar fili a birni yana buƙatar sahalewarsa. Ku je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a bincika ko filin yana da fayil, da sunan wa, ko akwai bashin harajin ƙasa ko jingina a kansa. Wani lokaci wanda ya sayar wa mahaifi yana da takarda tun asali, ba a dai sauya suna ba. In kuna tunanin mayar da ɗakunan gaba shaguna don haya ta ƙaru, sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Sai 'yan haya. Sayar da gida ba ya kashe yarjejeniyarsu. Mai biyan shekara, in babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce akasin haka, notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma wata ɗaya, bayan ya ƙare a ƙara na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa, yaye kwano ko yanke wuta don mutum ya tashi na iya jawo muku biyan diyya. Wanda ya biya gaba, a lissafa watannin da suka rage a cire daga kuɗin gidan. A kuma karɓo takardar bashin wuta da na ruwa.

Ranar biya, kowane magaji ya sa hannu da kansa, mata ma su zo, ba a ce yayansu ya wakilce su da baki ba. Wanda yake nesa ya aiko da takardar wakilci. Kuɗin kowa ya tafi asusunsa kai tsaye.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In mun sayi nasu, mu biyar da muka rage ba matsalar ce za ta dawo ba?

Barista ta amsa:

Za ta dawo in ba ku rubuta ƙa'ida ba. Kason zai sauya gwargwadon abin da kowa ya zuba a miliyan 16.5 ɗin, a rubuta sabon kason. A buɗe asusu ɗaya na haya mai sa hannun mutum biyu, ɗaya daga maza ɗaya daga mata. A naɗa mai kula da gida da ladansa, a faɗi iyakar abin da zai kashe ba tare da ya tambaya ba, misali 50,000. A riƙa ware kashi 20 cikin 100 na haya don gyara kafin a raba, a yi lissafi sau ɗaya a shekara a rana sananniya. Sannan a sa sharaɗin fita: mai son tafiya ya ba da sanarwar wata shida, a sake kimanta gidan, sauran su biya shi cikin wa'adin, in sun kasa a sa gidan a kasuwa. Idan Hajiya uwargida ba ta da abin zubawa, kasonta biyar yana nan yadda yake, a rubuta shi da sunanta.