Yadda Muka Koyi Rubuta Fim ɗin Barkwanci

Mai buɗe zance, daga Kano: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa rubuta wasan barkwanci na fim ko talabijin su bayyana mana yadda suka koyi wannan sana'a, domin zancen da yake sa mutane faɗuwa da dariya a majalisa, da zarar na zuba shi a takarda sai ya yi lami.

Wani dattijo, daga Kaduna: Wa alaikumus salam, ɗana. Mu da muka taso muna kallon Samanja da Kasimu Yero, daga baya kuma muka yi aiki a finafinan camama, wato finafinan barkwanci masu ƙaramin jari, ba a takarda muka fara ba. Darakta yakan tara 'yan wasa ya ce, "Kai ne mai gidan haya, wannan kuma ɗan haya ne da kake bi bashin wata shida," sauran zancen kuwa daga bakinsu yake fitowa. Masu kaifin baki irin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sun isa su riƙe fim da wannan salo, amma ba kowa Allah ya ba wannan baiwa ba. Abin da na koya a wurin ɗaukar fim shi ne, marubuci tarko yake ɗanawa. Ɗan haya ya shige ƙarƙashin gado, matarsa tana rantsuwa cewa ya tafi Legas tun shekaranjiya, ga takalmansa a bakin ƙofa, mai gida kuma ya zaro waya ya ce bari ya kira shi ya ji ko ya sauka lafiya. Tun kafin wayar ta yi ƙara mai kallo ya fara dariya, saboda ya san abin da mai gida bai sani ba.

Wata marubuciya, daga Zariya: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai shiri mai dogon zango ba ya jure a bar wa 'yan wasa komai. Bayan da tashar talabijin ta Arewa24 ta fara aiki a 2014 irin waɗannan shirye-shirye suka yawaita, kuma a nan na koyi cewa sai an rubuta halin kowane mutum tun farko: marowaci ba zai wayi gari yana kyauta a kashi na goma ba, sai da dalilin da zai ƙara tona rowarsa. Shafi ɗaya yakan ci kusan minti ɗaya a allo, don haka doguwar gaisuwa ita nake fara yankewa, duk da cewa raina ba ya so. Ina kuma tara ƙannena su karanta rubutun da ƙarfi. Inda suka yi tuntuɓe da jimla, na san ɗan wasa ma zai yi.

Wani matashi, daga Maraɗi: Ni a gajerun bidiyoyin YouTube na koya, inda ba a ba ka lokacin shimfiɗa. Abin da nake jan hankali a kansa shi ne wasan ƙabila. Tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko tsakanin taubasai, tana da daɗi ne domin kowane ɓangare yana da damar ramawa, alhali kwaikwayon karin harshen wani a fim ba tare da an ba shi bakin magana ba cin fuska ne.

Dattijon Kaduna: Haka ne, yaro. Wanda zai fitar da aikinsa a Kano kuma ya tuna da hukumar tace finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ya tsabtace zancen tun a takarda, domin sake ɗaukar fitowa ɗaya yana nufin sake biyan 'yan wasa da kuɗin hayar kyamara. Mai tambaya, ka turo mana shafi biyu na abin da ka rubuta mu duba.