Wane suna za mu ba manaja da Hausa?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana Hausa da dattawan da ke nan ku kawo mana ɗauki. Mu manoman shinkafa ne a nan ƙasar Kura, mun haɗa kuɗi mun sayi injin casa, yanzu muna rubuta dokokin ƙungiya kuma an yanke da Hausa za a rubuta don kowa ya karanta da kansa, ni ne sakatare sai abin ya faɗo kaina. Shugaba akwai, ma'aji akwai, sai da muka zo kan wanda zai tsaya a wurin injin kullum, ya kula da ofareta da 'yan dako da mata masu turara shanshera, ya sayo gas, ya rubuta buhu nawa ya shigo nawa ya fita. Na rubuta manaja, Baba mafi tsufa a cikinmu ya ce in goge. Wai shi ya yi leburanci a wani kamfani a birni shekara da shekaru, manajansu ko sau ɗaya bai taɓa sanin sunansa ba, sai dai ka ji ƙarar makullai ka san ya iso, albashi ya yi sati uku bai fito ba ka je tambaya masinja ya tare ka a bakin ƙofa. Ya ce in muka sa wa yaro wannan sunan to halin ma zai ɗauka. An yi dariya amma wallahi ya ƙi sa hannu. To me za mu rubuta?

Ɗan Garun Malam: Wa alaikumus salam. Malam sakatare ai manaja ta zama Hausa tuntuni, kamar akawu da lebura da direba, tun jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kamfanonin gyaɗa suka cika gari muke da su. Har jam'i mun yi mata, manajoji. Ku lallashi Baba kawai.

Sakataren ƙungiya: Mun gwada, Baba ba ya lallasuwa.

Wata malama daga Auyo: Ku sa mai gudanarwa mana, haka muke ji a rediyo.

Ɗan Garun Malam: Hajiya wa zai tsaya a bakin inji ƙura na tashi ya ce kai kira min mai gudanarwa? Kafin ka gama faɗa bel ya tsinke. Wannan Hausar labaran duniya ce.

Wani manomin rani a Kadawa: Ni a ganina wakili. Haka iyayenmu suke cewa, mai gona yana birni wakilinsa yana gona. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya fara zuwa mana ta kanal, manyan gonakin nan da yawa wakilai ne ke riƙe da su. Sai dai in faɗi gaskiya wakili fuskarsa wajen maigida take, shi yake tsoro shi yake faranta wa, ɗan ƙwadago kuwa ko oho. Na ga wakilin da in an samu amfani sai ya ce dabararsa ce, in tsutsa ta ci tumatir sai ya ce yara ne ba su yi feshi ba, alhali shi ya karkatar da kuɗin maganin. Ko ku ce sarkin gandu.

Malamin tarihi a sakandare: A'a dan Allah a bar sarkin gandu. Sarauta ce ta mai kula da gandayen sarki, kuma waɗanda suka yi noman gandayen nan yawanci bayi ne, ba za ka so ka ɗora wa 'yan dakonku wannan inuwar ba. In tsohuwar kalma kuke so ni madugu zan ba ku. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, har Salaga ta ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar watanni ce kuma tsarinta ya fi na kamfanoni da yawa. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana taimaka wa madugu, shi kuma madugu shi ke cewa a nan za a yi zango, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin wucewa, shi ke raba faɗa in an yi, in jakin wani ya faɗi ba a wuce a bar shi. Ƙurar da ƙaramin yaron ayari ya sha ita madugu ya sha. Shi ya sa ake masa kirari da uban tafiya. Abin da Baba yake nema kenan ai, wanda yake cikin aikin tare da mutane.

Ɗan Garun Malam: Malam ka burge ni amma yau in ka ce madugu abin da ke zuwa kan mutane madugun 'yan adawa ne ko madugun 'yan tawaye. Kuma madugu attajiri ne da dukiyarsa a cikin ayarin, shi kuwa nasu ɗaukarsa za su yi aiki, gobe ya ci amana su sallame shi.

Wata malama daga Auyo: Kuma in mace aka ɗauka fa? Don a wajenmu harkar turara shinkafa kusan duk mata ne, kuma wlh wadda ke riƙe mana lissafi ta fi maza uku. Bari in ba ku misali ɗaya, ranar da wata yarinya ta bar tukunya ta ƙone buhu guda ya lalace, ba ta ce mata komai a gaban mutane ba, sai da aka watse ta ja ta gefe suka yi magana, da masu shinkafar suka zo da faɗa ita ta fito ta ce laifina ne ni na haɗa mata tukunya biyu lokaci ɗaya. Yarinyar nan yau ita ce gwanar wurin. Kuma ba a taɓa kwana da kuɗin kowa a hannunta ba, kullum maganarta hadisin nan na a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Wani almajiri daga Ringim: Tunda an kawo hadisi, akwai na Bukhari da Muslim cewa kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Makiyayin aiki?

Wani manomin rani a Kadawa: Allah gafarta malam ma'anar ta yi, amma ka je ka gaya wa ƙartin 'yan dako cewa ga makiyayinku ka ga abin da zai biyo baya.

Malamin tarihi a sakandare: Hhhh. Abin dariyar ma ita kalmar Turancin asalinta wajen dabba ta fito, daga Italiyanci take, ma'anarta sarrafa doki, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin hannu. Wato wanda abu ke hannunsa. Mu ma ai muna cewa ya riƙe ragama. To me zai hana mariƙi? Mariƙin aiki. Ku duba yadda muke amfani da ita, mariƙin yaro ba shi ya haife shi ba, amana aka ba shi, ci da sha da tarbiyya duk a wuyansa, in yaron ya rame shi za a tambaya, kuma ran da iyaye suka ce a kawo dole ya kawo. Ga ta mace, mariƙiya, ga jam'i, mariƙa. Ta fuskanci masu dukiya ta fuskanci ma'aikata.

Ɗan Garun Malam: Mariƙin kofi ma mariƙi ne fa.

Malamin tarihi a sakandare: To ɗauki kofin shayi mai zafi ba mariƙi mu gani.

Wata malama daga Auyo: Ni dai ta kwanta min. Sai dai kar a rikita da mai riƙon ƙwarya, a rubuta ta cikakkiya da aiki a jiki.

Sakataren ƙungiya: Jama'a na gode Allah ya saka. Jiya bayan la'asar na karanta wa mambobi duk abin da kuka ce a gindin dalbejiyar da muke zama. Madugu ta samu mutane sosai musamman dattawa, amma da aka ɗaga hannu mariƙin aiki ta yi rinjaye, Baba ya ce a maimaita masa sau biyu sannan ya karɓi biro. Ya kuma sa an ƙara abubuwa a ƙarƙashin sunan: ya san kunna injin da kashe shi da kansa ko da ofareta bai zo ba, ya biya 'yan dako ran da suka yi aiki, layin casa a bi wanda ya riga zuwa ko da buhun shugaba ne a baya, kar ya ɗauki ɗan uwansa aiki sai an zauna, littafin shiga da fita ya kasance a buɗe duk mamban da ya so ya duba. Kuɗin ɓuntu da dusa ma an ce a rubuta, don a nan ake yawan yin sama da faɗi. Yaron da muka ɗauka yau da safe na ji masu kura suna ce masa manaja, ya ce musu shi mariƙi ne, suka ce to manaja mariƙi. Yanzu saura ofareta, Baba ya ce ita ma bai yarda da ita ba.