Me ya sa ake girgiza tauraron ɗan'adam a hankali kafin babban gwaji da bayansa?

Ɗan_Kurmi: Assalamu alaikum. A tsarin gwajin ƙananan taurarin ɗan'adam da ake kira CubeSat, ana fara girgiza su a hankali, sannan a yi mai ƙarfi, sai kuma a sake ta hankalin. Ta ukun nan ba ɓata lokaci ba ce?

Injiniya_Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, ta ukun ce ke faɗa maka ko tauraron ya tsira. Ana ɗaure shi a kan teburin jijjiga, a manna masa na'urorin auna motsi, a hau daga Hz 5 zuwa 2000 (Hz shi ne yawan jijjiga a daƙiƙa ɗaya) da ƙarfin da bai wuce 0.5g ba (1g daidai yake da ƙarfin janyowar ƙasa). A nan ake gane inda jikinsa ya fi amsa jijjiga, wato ƙololuwar zanen da na'urorin ke fitarwa. Sai a yi mai ƙarfin, wato jijjigar barkatai, wadda ke kwaikwayon rugugin roka. A ƙa'idar gwajin kayan sararin samaniya ta NASA, wato GEVS, ƙaramin kaya yana shan 14.1 Grms (awon matsakaicin ƙarfin jijjigar barkatai) tsakanin Hz 20 da 2000, ta kowace ɗaya daga fuskoki uku. Da an gama a maimaita ta farkon, a ɗora zanen biyu a kan juna. Idan ƙololuwar ta zame fiye da kashi 5 cikin ɗari, akwai abin da ya saki ciki, ko da ido bai gani ba. Yawanci sukuru ne da ba a ɗaure da awo ba, ko ba a ɗiga masa gam ba, wani lokaci dalma ce ta tsage a ƙafar batir.

Hajara_K: Kafin a zargi tauraron, a duba mazaunin da aka ɗaure shi a kai. Shi ma notinsa na kwancewa.

Baban_Sadiq: Gaskiyarki, teburin kansa yana ɓarna. A Maris 2000 a JPL, wata cibiyar NASA, tauraron nazarin rana mai suna HESSI ya sha 20g maimakon 2g, domin teburin ya cije sai kwamfuta ta yi ta ƙara ƙarfi, har fukafukan sola suka tsage. Shi ya sa ake fara gwada teburi babu kaya, a kuma sa iyakar da za ta kashe injin nan take. Irin wannan iyakar ce ta tsayar da gwajin na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb a cibiyar NASA ta Goddard ranar 3 ga Disamba 2016, aka gano 'yar tazara ce a maƙallan da ke riƙe fiffiken madubinsa.